Murfin Kwalba a Gindin Rami

Ranar da rufin siton gidan tarihi ya fara yoyo aka gane an yi sata. Ba don ruwan ba, da har yau babu wanda ya sani, domin kwalin da ya ɓace ya shekara talatin da wani abu a kan kanta, ba wanda ya ko kalle shi. Ma'aikata suna janye kwalaye daga inda ruwa ke ɗiga, sai suka ga gurbinsa a kan katako, fes. Kafin la'asar kowa ya yanke hukunci cewa Baba Maigadi ne. Kafin magariba yana hannun 'yan sanda.

Kwana biyu bayan haka Sufeto ya kira ni. Ni ba ɗan sanda ba ne. Ilimin tono kayan tarihi na karanta, Malaminmu ya so in zauna a jami'a in gaje shi, na ƙi. Na kama aiki da wani kamfani mai duba ƙasa kafin a yi babban gini. Mu tona 'yan ramuka, mu rubuta ko akwai tarihi a ƙarƙashi ko babu, mu sa hannu, katafila ta shiga. Da yake idona ya saba da karanta ƙasa, 'yan sanda kan neme ni idan suna son sanin inda aka tona aka binne, ko wa ya taka ina. Su suna ce mini mai bin sawu. Abokan karatuna kuwa Gafiya suke kirana, sunan da Malam ya laƙaba mini saboda saurin tonona. A lokacin na ɗauka yabo ne.

Makon nan ina fama da tawa damuwar. Akwai wani fili a bakin gari da za a gina tashar manyan motoci, ni na duba shi na rubuta cewa babu komai. Sai ga leburori masu haƙa magudanar ruwa sun ci karo da kayan da. Hukumar tarihi ta dakatar da aikin, shugabana ya daina amsa gaisuwata, ni kuma kunya ta hana ni ko leƙa wurin.

"Me ke cikin kwalin?" na tambayi Sufeto.

"Duwatsun wuya na da, guda goma sha biyu. An ce suna da tsada. Sai tarkacen fasassun tukwane."

"An bar tarkacen?"

"An kwashe duka, har kwalin."

"Ranka ya daɗe, ɓarawon da ya samu duwatsun da za su shige aljihu, me zai yi da tsingaro mai nauyin bulo?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Shi ya sa na kira ka. Tsohon nan kuka kawai yake yi mini."

*

A sito na tarar da Uwar Gam. Ta girme ni da aji biyu a jami'a, yanzu ita ke haɗa fasassun tukwanen gidan tarihi, kuma ko a gidan biki ka zauna kusa da ita sai ka ji warin gam. Tana da faɗa, amma ba ta ƙarya.

"Gafiya, sai yau ka tuna da hanyar gidan nan?"

"Yaya, aiki ne ya yi yawa."

"Aikin sa hannu. Zo ka gani."

Ba a fasa kwaɗo ba, ba a taɓa taga ba. A kan kantar na ga layi biyu inda aka jawo kwalin har baki kafin a sauke shi. Mai ƙarfi ɗagawa zai yi. Wannan jawowa ya yi, ya tsaya, ya sake jawowa.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da Baba Maigadi."

"Su ke nan?"

"Sai Malam. Tun da ya yi ritaya yake zuwa yana shirya mana tsofaffin takardu, ko kwabo ba ya karɓa. Malam kuma ai Malam ne."

Na gyaɗa kai, na wuce maganar. Ni ma haka na ce a raina, Malam ai Malam ne.

"To me ya sa aka kama Baba?"

Ta kawar da kai. "An ga 'yarsa da jajayen duwatsu a wuya. Ni ce na faɗa wa Sufeto. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

*

Gidan Baba Maigadi ɗaki biyu ne a bayan wani garejin gyaran mota. Matarsa tana zaune a ƙofa da ledar magani a cinya. Ta ce kullum sai ta kai masa maganin hawan jini, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a ce ta dawo. 'Yar tasu tela ce, ta tashi daga kan keken ɗinki, ta cire abin wuyan ta ajiye mini a tafin hannu.

Na ƙwanƙwasa ɗaya a haƙorina. Roba ce, irin wadda ake sayarwa a bakin titi.

"Kin nuna wa 'yan sanda?"

"Na nuna. Suka ce na ɓoye na gaskiyan ne na sayo wannan."

Mahaifiyarta ta ce, "Ɗana, shekara ashirin da biyu yana gadin gidan nan. Ko tsintsiya bai taɓa kawo mini daga can ba. Maƙwabta yanzu in na fito sai a yi shiru. Malam ne kaɗai mai kirki, Allah ya saka masa. Jiya har bargo ya kai masa."

Na yi mata alkawarin da ban san yadda zan cika ba, na fito.

*

Wanda na fi zargi shi ne Aku, mai zagayawa da baƙi a gidan tarihi. Ajinmu ɗaya da shi. Bakinsa ba ya hutawa, kuma an gan shi sau biyu a shagon wani dillalin tsofaffin kaya. Na same shi yana yi wa wasu baƙi uku bayanin wata tukunya kamar shi ya gina ta. Da suka tafi na tare shi.

"Me kake yi a shagon dillalin nan?"

Ya yi dariya. "Abin da kai ka yi nake son yi, Gafiya, guduwa. Yana neman mai tantance masa kayan gaskiya da na jabu. Shekara tara ina maimaita labarin tukunya ɗaya, har a mafarki yi nake."

"Bai ce ka kawo masa samfur daga sito ba?"

"Da wane makulli? Uwar Gam ko inuwata ba ta bari ta shiga. Kuma tsingaro? Mutumin nan ko kyauta ka ba shi sai ya ce ka biya kuɗin shara." Ya rage murya, irin ta mai jin daɗin gulma. "Amma ka lura da ikon Allah? A nan duwatsu sun ɓace, a filinka duwatsu sun fito. Ƙasa ta fara haihuwa."

Shi wasa yake yi. Ni kuwa sai na tuna wanda ya zo ofishina wata biyu da suka wuce.

Malam ne ya zo, da sandarsa, ya hau bene hawa biyu da gwiwar nan tasa da ba ta lanƙwasuwa. Ya ce ya ji ni aka ba duba filin tasha. Ya ce tun yana matashi yake zargin akwai tsohon gari a kusurwar kudu, bai taɓa samun izinin tonawa ba. Ya roƙe ni in zurfafa ramin wajen, in wuce jar ƙasa. Ni kuwa kwana biyu aka ba ni, rami biyar na tona, na riga na rubuta rahoto. Na ce masa, "Malam, nan ba jami'a ba ce, ba mu da shekara guda ta kankare taku ɗaya." Ya dube ni, ya ce to, Allah ya taimaka. Ko rakiya zuwa bakin bene ban yi masa ba, waya nake amsawa.

*

Foman ɗin filin, shugaban ma'aikatan wurin, ya karɓe ni da fuska a ɗaure. Motocinsa shida suna tsaye, leburorinsa suna kwance a inuwa.

"Kai ne ka ce babu komai ko? To ga babu komai ɗinka a bokiti."

Hukuma ta tafi da duwatsu huɗu da aka samu, ta bar tsingaron sai masu bincikenta sun zo nan da mako biyu. Na zuba shi a kan tebur. Na share ƙasar da ke jikin ɗaya da yatsa, ta fita salin alin. Tsingaron da ya kwana ɗaruruwan shekaru a ƙasa ba ya sakin ƙasarsa haka, sai an jiƙa an bi shi da buroshi. Wannan an taɓa wanke shi. Na juya cikinsa, sai ga wani ɗan wuri kamar faɗin farce an kankare da wuƙa. Na duba na biyu, na uku, na goma. Duka a wuri ɗaya, daidai inda muke rubuta lambar sito da tawada.

"Akwai mai gadi a nan ranar hutu?"

"Gadin me? Fili ne da turaku. Sai da motoci suka zo muka sa mutum."

Ya kai ni kusurwar kudu. Magudanar da leburori suka haƙa ta yanke wurin biyu, rabi ya tafi, rabi yana nan a jikin bango. Na durƙusa, na fitar da cokalin magina da nake yawo da shi, na kankare bangon a hankali. Ramin da aka binne kayan ya fito kamar an zana shi. Ƙasar cikinsa ta fi ta gefe laushi, bangonsa a miƙe, kusurwarsa a tsaye. Ɓarawo in zai binne abu rami yake yi kamar kwano, ya tura ƙasa da ƙafa ya gudu. Wannan mutum hannunsa bai iya karkataccen rami ba.

A bakin ramin, inda leburori ba su taka ba, na ga 'yan ramuka uku a jere kamar duwatsun murhu. Na san kujerar da ke barin wannan sawu. 'Yar ƙarama ce mai ƙafa uku, na sha ɗaukar ta a kafaɗa in bi mai ita.

Duk da haka na ce wa kaina kujera kowa na iya saya. Na ci gaba da kwashe ƙasar ramin, na tsinci sauran duwatsu takwas ɗaya bayan ɗaya. A can gindi cokalina ya taɓa ƙarfe. Murfin kwalbar lemo ne, sabo, ko tsatsa bai fara ba, an kwantar da shi a tsakiya daidai.

Na zauna a cikin magudanar nan na daɗe. Foman yana tambayata ko lafiya.

*

A nan ne na yi kuskuren da har yau yake cina. Gidan Malam ba shi da nisa da filin. Da na je ni kaɗai, na zauna a gabansa na ajiye murfin, na san da ƙafarsa zai je wurin Sufeto, a saki Baba a ranar, a rufa abin da za a iya rufawa. Amma raina a ɓace yake. Mako guda ana kallona a matsayin wanda bai iya aikinsa ba, ina so a wanke ni a gaban mutane. Sai na kira Sufeto na ce ya tara kowa a sito da safe.

Suka zo. Uwar Gam tana tsaye a jikin kanta, Aku a bakin ƙofa. Foman ya zo da bokitinsa. Aka shigo da Baba Maigadi, ƙafafunsa sun kumbura, yana rungume da bargo. Malam ya zo a ƙarshe, ya buɗe 'yar kujerarsa mai ƙafa uku ya zauna, ya miƙe gwiwar.

Na jera duwatsun a kan tebur, na ce ba sayar da su aka yi ba, binne su aka yi a filin tasha don a dakatar da gini. Na nuna tsingaron da kankararren wurin.

"Yaya, in ke za ki cire lamba daga jikin tsingaro, da wuƙa za ki yi?"

"Allah ya kiyaye," in ji Uwar Gam. "Auduga da ruwan magani, minti ɗaya, ko alama ba za ka gani ba."

"Aku ba shi da makulli. Baba kuwa bai san akwai lamba ba, balle ya kankare." Na fito da murfin kwalbar na ajiye. "Wannan a gindin ramin na same shi."

Sufeto ya ce, "To sai me? Shara ce."

Ba ni na ba shi amsa ba. Uwar Gam ce, idonta a kan murfin. "Ba shara ba ce. Darasin farko ne da aka koya mana. Duk ramin da ka tona za ka mayar da ƙasa, ka bar wani abu na zamaninka a gindinsa, don wanda zai zo bayanka ya san an taɓa wurin, kada ya ɗauka yadda mutanen da suka bar shi ke nan." Ta ɗago kai. "Mutum ɗaya ne na sani da murfin kwalba ba ya rabuwa da aljihunsa."

Malam ya sa hannu a aljihu, ya fito da guda uku, ya ajiye kusa da na teburin.

"Na yi niyyar kada in sa," ya ce a hankali. "Har na fara mayar da ƙasa. Sai na kasa. Kamfani nake son ruɗa, ba wanda zai zo nan da shekara ɗari ba." Ya juyo gare ni. "Aikinka ya yi kyau, Gafiya. Wannan ramin ka bi shi a hankali."

"Malam, don me?"

"Mako biyu nake nema. In masu binciken hukuma suka zo za su gane ƙaryata a rana ɗaya, amma sun riga sun zo, za su tona gefe, za su wuce jar ƙasa. Ban zaci za a lura da kwalin ba. Shekara talatin ba wanda ya buɗe shi sai ni da na cika shi."

Sai Baba Maigadi ya yi magana. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, da ka zo wurina can, ka riƙe hannuna ka ce in yi haƙuri gaskiya za ta fito, kana sane?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Kwana biyar," in ji Baba. "Da ka ce mini in zauna maka mako biyun, wallahi da na zauna. Amma ba ka tambaye ni ba."

Ya naɗe bargon, ya ajiye a kan tebur kusa da duwatsun, ya tambayi Sufeto ko zai iya tafiya gida.

*

Ba a kai Malam kotu ba, saboda shekarunsa da kuma an samu kayan cif. An karɓe makullinsa, aka ce kada ya sake taka gidan tarihi. Hukuma ta janye dakatarwar a ranar, ta fasa turo masu bincike. Shugabana ya kira ni ofis ya yi mini shayi da hannunsa, ya ce na ceci sunan kamfani.

Kwana uku bayan haka Foman ya yi mini waya da hantsi.

"Ka zo ka ga wani abu. Amma ka sani ba zan tsayar da mota ba. An yi mini sau ɗaya."

Kafin in isa, katafila ta gama da kusurwar kudu. A jikin bangon da ta yanka, ƙarƙashin jar ƙasa, ga baƙin layin toka ya miƙe tsawon filin. Ga daɓen ɗakuna, ga gindin murahu, ga manyan tukwane a jere an fille musu kai. Sauran yana cikin tifa, ana kai shi cike wani kwari. Na kira hukuma, wanda ya ɗauka ya ce, "Filin nan dai? Wa ya binne wannan karon?" Ya kashe wayar.

Na nemo inda ramin gwajina yake, na biyar, wanda na tona da yammacin rana ta biyu ina duba agogo. Yana nan a jikin bango, har da murfin kwalbar da ni ma na jefa a gindinsa. Na auna daga murfin zuwa layin tokar da hannuna.

Na cika rigata da tsingaro na nufi gidan Malam. Na same shi a tsakar gida a kan kujerarsa, ya rame. Na zube su a gabansa, ban iya gaisuwa ba. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya shafa zanen da ke bakinsa da babban yatsa. Ƙasar ta kama shi gam.

"Daga wane ɗaki? Kusa da wane murhu?"

"Ban sani ba, Malam. A bayan katafila na tsince su."

Ya gyaɗa kai. Ni da shi mun san abin da hakan ke nufi, tsingaron da ba a san inda ya kwanta ba fasasshiyar tukunya ce kawai.

"Zurfin fa?"

"Taƙi ɗaya ƙasa da inda na tsaya."

Na jira ya yi faɗa. Na so ya yi, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa.

"Ka je ka gaida Maigadi?" ya ce. "Ni sau biyu ina zuwa, ba a buɗe mini ba."

"Zan je."

"Ka je. Kai za su buɗe maka."

Ya kira jikarsa ta kawo roba da ruwa. Ya laluba aljihu ya fito da tsohon buroshin haƙori, ya miƙo mini.

"Wanke," ya ce. "A hankali."